Mai Lasifika, Wanda Aka Fi Sani da Malam An

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Mai Lasifika ranar wata Talata a watan Afrilu, shekara talatin cif kafin yaƙi, a garin nan namu, a gida na uku daga famfon unguwa. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, mai raba wasiƙu a kan keke, mutum mai ƙarancin magana, wanda aka ce ya shekara ashirin yana kai wa mutane labari ba tare da ya taɓa faɗin ko ɗaya da bakinsa ba. Mahaifiyarsa kuwa tana sayar da sabulu da ashana a cikin gida, kuma ita ce ta ɗauki nauyin duk maganar da mijin ya bari. Masu sanin gidan sun tabbatar da cewa marigayin ya gaji keken uba da bakin uwa.

A garin nan ba a cika ƙidaya shekaru da lambar kalanda ba. Kafin yaƙi ake cewa, ko bayan yaƙi, kuma haka za a bi a wannan tarihi. Babbar 'yar marigayin, wadda ake kira Malama saboda tana koyarwa a sakandare, ita ta sa a rubuta shi domin jikoki, ta kuma shimfiɗa sharaɗi biyu. Na farko, a yi shi yadda ake yi a littattafai, wato an yi, aka yi, babu ni babu ke. Na biyu, ban da gulma. Ta ɗora aikin a kan matar ƙanen marigayin, ba don ilimi ba, domin aji huɗu kawai ta yi, sai don ta shekara arba'in da shida a gidan kuma ba a taɓa samunta da laifin rashin jin abin da ake faɗa a bayan katanga ba. An karɓi sharaɗi na farko. Na biyun kuma za a yi iya ƙoƙari.

'Ya'ya biyu ne kaɗai suka rayu a gidan, marigayin da ƙanensa da aka haifa shekara tara bayansa, wanda kowa ya sani da Kafinta. Tun yana ƙarami a bayan keken Yaya ya tashi, kuma har ya yi gemu, abin da Yaya ya ce shi ne magana.

Karatu

An sa marigayin a makarantar firamare yana da shekara bakwai. Bai yi fice a lissafi ba, amma wani matashin malami, wanda daga baya ya zama Hedimasta kuma da wannan suna ya mutu, ya lura cewa idan yaron ya karanta sanarwa a filin taro, har masu sayar da kaya a bakin titi suna ji. Daga nan aka bar masa aikin. Karatunsa ya tsaya shekara goma sha biyar kafin yaƙi sakamakon rasuwar mahaifinsa, wanda ya bar masa keke, da uwa, da ƙane ɗan shekara shida.

Sana'a

Ya koyi gyaran rediyo na tsawon shekara bakwai, sannan ya buɗe shagonsa a gefen tashar mota shekara takwas kafin yaƙi. Shagon ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, kullum yana warin dalma da ƙonanniyar waya, rediyoyi a jere a kan kanta duk an cire musu baya, kusoshi kuma a cikin gwangwanayen madara, kowane da girmansa. Ana raɗe-raɗin cewa yakan gyara rediyo yadda zai dawo bayan wata uku. Ba a tabbatar ba, amma na gidan su mai wannan rubutu ya koma sau huɗu.

Shekara biyar kafin yaƙi ya sayi wata tsohuwar lasifika mai faɗin baki kamar robar wanki, ya ɗaure ta a gaban keken mahaifinsa, ya ɗora batirin mota a baya. Da ita yake zagaya gari yana cigiyar yaran da suka ɓata, da awaki, da sanarwar rigakafi, da tallan sabon sabulu. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace. A wannan shekarar ce kuma Kafinta, wanda ya fara koyon aikin katako, ya yi masa wani dogon benci a ƙofar shago. A kansa Hedimasta da Mai Kemis na tsallaken titi suke zama da yamma, suna jin labarai suna gyara duniya.

Aure da iyali

Shekara shida kafin yaƙi ya auri 'yar wani direban babbar mota, mace mai haƙuri wadda ba ta taɓa ɓoye cewa muryarsa ce ta fara burge ta ba. Bayan wasu shekaru an ji ta tana cewa duk rediyon da ke shagon yana da wurin kashewa, ban da wanda aka kawo mata gida. Allah ya ba su 'ya'ya shida, kuma haƙiƙa ya tsaya a kan tarbiyyarsu da karatunsu, mata da maza, ba tare da bambanci ba.

Shekarar da aka fara yaƙi

Musabbabin yaƙin wani tsibiri ne a tsakiyar kogin da ya raba mu da ƙasar maƙwabta. Kafin wannan shekara babu mutum goma a garin nan da suka san da shi, kuma ko masuntan da suka san shi cewa suke sauro ya fi kifi yawa a can. Amma rediyo ya kama maganarsa safe da yamma, har ya zama wanda bai damu da tsibirin ba kamar bai damu da uwarsa ba.

A watan Fabrairu aka kafa Kwamitin Goyon Bayan Yaƙi a kan bencin ƙofar shago. Hedimasta ne shugaba, Mai Kemis magatakarda, marigayin kuma murya. Kafinta aka sa ya yi allon, aka rubuta sunan da jan fenti aka kafa a saman ƙofa.

Duk wanda ya ji marigayin a watannin nan zai shaida cewa kalma ɗaya ta fi yawa a bakinsa, wato mu. Namu ne, mu za mu karɓo shi, mu tashi, wata uku ya ishe mu. Sai dai shi kansa bai tashi ba, domin yana da takardar likita a kan ciwon ƙirji. Adalci ya wajabta a ce ciwon gaskiya ne, yana tari duk lokacin sanyi. Adalci ya kuma wajabta a ce ƙirjin bai taɓa hana shi awa uku a lasifika ba.

A lokacin Kafinta yana da shekara ashirin da ɗaya, yana neman auren wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, yana kuma haɗa gado da kabad na ɗakin da za su zauna. Bai ga abin da ya haɗa shi da tsibiri ba, ya kuma faɗi haka a fili. Sai magana ta fara yawo a tasha da bakin famfo cewa Mai Lasifika yana tura 'ya'yan mutane ya ɓoye nasa ƙanen a ƙarƙashin gado. Ranar Litinin, uku ga watan Mayu, marigayin ya jingine kekensa a ƙofar rumfar Kafinta, ya ce masa a gaban jama'a ya tashi ya je ya rubuta sunansa, kada ya kunyata shi, kafin fentin gadon nan ya gama bushewa zai dawo. Kafinta ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, wanda shi ne karo na farko da ya taɓa jinkirta wa Yaya amsa.

Bayan kwana uku ya zo buɗe rumfa da safe ya tarar an ɗaura ɗankwalin mata a hannun zartonsa, kore mai fararen furanni. Ba a bar takarda ba, kuma ba a buƙatarta, domin ma'anar a fili take: wanda ba zai iya sa hular soja ba, ga abin da ya dace da kansa. Masu shagunan kusa sun yi dariya. Kafinta ya kwance ɗankwalin, ya ninke shi ya sa a aljihu, ya rufe rumfar, ya tafi ofishin ɗaukar soja a ranar. Ba a san wanda ya ɗaura ba, amma yawancin mutane sun ɗauka cewa Yaya ne ya sa a yi.

Shekarun yaƙi

Wata ukun ya zama shekara huɗu. Samari sittin da uku suka tafi daga garin nan, ashirin da biyu ba su dawo ba.

Da yake shi ne mai lasifika, a kansa aikin sanar da sunayen waɗanda suka mutu ya faɗa. Da farko yakan ce mun rasa wane ɗan wane, mun yi alfahari da shi. A watan Oktoba na shekara ta biyu, bayan da wata uwa ta fito daga gida ta riƙe kan kekensa ta tsaya tana kallonsa har ya sauka, masu kunne suka fara jin canji. Mun rasa ya koma an rasa. Za mu ci nasara ya koma ana sa ran nasara. Canjin ƙarami ne, harafi biyu kawai, kuma ba kowa ya lura ba, amma matan da suke jin sanarwar daga cikin gida, hannu a ruwan wanki, sun lura.

A shekara ta uku aka dawo da Kafinta a bayan motar asibiti, babu ƙafar hagu daga gwiwa. Marigayin ya tarbe shi da kuka na gaskiya, ya yi jinyarsa wata biyar. Da ya warke, Kafinta ya zaɓi katako mai kyau daga cikin wanda ya ajiye don kabad, ya sassaƙa wa kansa ƙafa.

An gama yaƙin da yarjejeniyar da ta bar tsibirin yadda yake tun farko, rabi nasu rabi namu. Shekara biyu bayan haka ambaliya ta cinye rabin, kuma har yau ba a daidaita a kan rabin wa ta ci ba.

A shekara ta farko bayan yaƙi aka yi auren Kafinta. Dangin yarinyar sun ce mata tana iya janyewa babu mai ganin laifinta, ta ce ita dai shi. An yaba mata ƙwarai a unguwa, yabon da ya fi abin da ta cancanta, kamar yadda za a gani.

Bayan yaƙi

Da gwamnati ta canja, sai aka wayi gari babu wanda ya taɓa son yaƙin. Waɗanda suka yi tafi a filin taro duk ashe tafin dole suka yi. An sauke allon ƙofar shago, an shafe shi da farin fenti, an rubuta Kwamitin Neman Gaskiya, an mayar da shi a kan kusoshinsa na da. Benci bai canja ba, mazaunansa ma haka.

Kowannensu da inda ya ajiye alhakin. Hedimasta ya ce shi ba yaƙin ya ƙi ba, yadda manyan soja suka gudanar da shi ne, ya kuma buga wani ɗan littafi inda ya bayyana cewa ya yi gargaɗi tun farko, a asirce, ga mutanen da duk sun riga sun mutu. Mai Kemis ya ce 'yan siyasa ne suka yi saurin sulhu, da an ƙara shekara ɗaya da an gama, kuma a kan haka ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa. Marigayin kuwa ya sake hawa keke, yana zagaya gari yana cewa an yaudare mu, an ɓoye mana gaskiya, an tura 'ya'yanmu wuta saboda tsibirin sauro.

Wajibi ne a faɗi cewa duk abin da ya faɗa a wannan karo gaskiya ne. An yi ƙarya a rediyo, an ɓoye adadin matattu, kuma shi ma an ruɗe shi kamar kowa. Ya faɗi haka a lokacin da faɗinsa ke da haɗari, har ya kwana biyu a hannun 'yan sanda. Idan aka auna shi da Mai Kemis, wanda gawa ashirin da biyu ba ta motsa ra'ayinsa ko da taku ɗaya ba, ba shakka wanda ya canja ya fi. Abin da ya rage kawai shi ne, a cikin jerin waɗanda aka yaudara ya sa kansa a sahun gaba, a jerin waɗanda suka yaudara kuwa ba a taɓa jin ya ga fuskar da ya sani ba.

Ranar Asabar, tara ga watan Maris, shekara ta biyu bayan yaƙi, kwamitin ya kira babban taro a filin makaranta domin tunawa da matattu. Marigayin ya yi jawabi na kusan awa guda, mata suna share hawaye. Yana cikin cewa an zalunci samarinmu, an raba su da ƙafafunsu, sai Kafinta ya miƙe daga sahu na uku ya ɗaga sandarsa.

"Yaya, ina da tambaya. Wannan An ɗin da kake ta faɗa, ɗan gidan wa ne? A wace unguwa yake? Ina so in je in gaishe shi, yana riƙe da ƙafata."

Wani daga baya ya fashe da dariya, ta bazu. Marigayin ya juya wajen Hedimasta, a zatonsa ya kashe abin maganar da ke hannunsa, ya ce a fitar da shi daga nan. Bai kashe ba. Lasifikar da ya gyara da hannunsa ta kai maganar har tashar mota, kuma ko a nan ma bai ce ku fitar da shi ko zan fitar da shi ba, a fitar ya ce.

Kafinta bai jira kowa ba. Ya ratsa filin, ana jin ƙarar ƙafar katako a kan dandaryar siminti, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranar da ka gano gidan su An, ka aiko a kira ni."

Daga wannan rana yaran gari suka sa wa marigayin Malam An, kuma daga wannan rana 'yan'uwan biyu ba su sake magana ba har shekara arba'in da biyar.

Shekarun katanga

A watan da ya biyo baya aka ja katanga a tsakiyar gidan mahaifinsu. Famfo ɗaya ne, ya faɗa ɓangaren marigayin, sai aka huda katangar aka zura tiyo. Ta wannan huda matan biyu suka ci gaba da zumuncinsu, ta nan ake miƙa gishiri da allura da labarin unguwa, ta nan kuma saƙon mazan yake bi. A gaya wa wancan gidan akuyarsu ta shigo. A gaya wa wancan gidan akuya ba ta san katanga ba. Yara kuwa ta sama suke haurawa, suna cin abinci a duk inda aka fara saukewa. Da mahaifiyarsu ta rasu a shekara ta goma sha biyu, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya, kowa yana karɓar gaisuwa ta ɓangarensa.

Marigayin bai zauna haka kawai ba. Ya shafe shekara goma yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi a kan haƙƙin waɗanda suka ji rauni, har aka kawo ƙafafun roba asibitin garin nan. Ya zaɓi mafi kyau ya sa aka miƙa ta saman katanga. Kafinta ya duba ta sama da ƙasa, ya yaba aikin, ya tokare ƙofar akurkin kaji da ita. Da matarsa ta ce ai wannan ma ban haƙuri ne, sai ya amsa mata cewa shi ba ƙafa ya tambaya ba, adireshi ya tambaya.

Mutane da yawa sun ga taurin kan Kafinta ya yi yawa, tunda ba Yaya ne ya ƙirƙiro tsibiri ba, ba shi ya harba bindiga ba. Mai wannan rubutu ta daɗe tana juya maganar. Idan aka ce za a raba alhakin yaƙin nan, manya na can sama za su kwashi kaso mafi girma, sannan masu rediyo, sannan 'yan benci. Amma bayan su akwai iyayen da suka yi gorin ɗansu ya tafi na maƙwabci bai tafi ba, da masu shagon da suka yi dariya, da 'yan matan da suke leƙen samari masu kaki. Da aka ga abin ya lalace, kowa ya tattara nasa kason ya kai gidan An, saboda shi ba ya musu kuma ba a kai shi kotu. Kafinta bai taɓa cewa Yaya ya ɗauki na kowa ba. Nasa kawai yake so ya ɗauka, ya kira shi da sunansa.

Allon ƙofar shago ma bai taimaka ba. Duk damina sai farin fentin ya jiƙe, jan rubutun ya leƙo ta ƙasa, a riƙa karanta Goyon Baya a bayan Neman Gaskiya. Duk shekara marigayin yakan hau tsani da kansa ya ƙara shafawa. Hedimasta ya rasu a shekara ta ashirin, Mai Kemis a ta ashirin da takwas. A ta talatin da biyar, da wayar hannu ta kashe kasuwar rediyo, aka rufe shagon, aka kai lasifikar gida aka ɗora a saman kabad.

Jinya

A shekara ta arba'in da shida bayan yaƙi ciwon maƙogwaro ya kama shi. Cikin wata takwas muryar da ake ji har tasha ta koma sai an kai kunne bakinsa. Da likitoci suka ce a mayar da shi gida, Malama ta zagayo ta durƙusa a gaban Kafinta ta ce, Baba Ƙarami, jikin fa ya yi tsanani. Ya tambaye ta ko Yaya ya gano gidan su An. Ta koma ta dawo da saƙo cewa an ce ya zo. Kafinta ya ce ta gaishe da wanda ya ce. Ta fita tana kuka, matarsa kuma ta yi masa faɗan da ba za a rubuta a littafin jikoki ba.

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuli na shekara ta arba'in da bakwai, da hantsi, aka zuro wata takarda ta hudar tiyo. Bayan kwalin magani ne, da rubutu mai rawa: Na gano. Kafinta ya karanta, ya ɗaura ƙafarsa, ya sa rigar fita, duk da tafiyar ba ta kai taku talatin ba. Matarsa ta bi shi da filas ɗin shayi, wai don kada a je hannu biyu.

Ya tarar da Yaya a kwance, ya rame har ba a gane shi sai ta kunnuwa. Ya zauna a bakin gadon ya sunkuya. Marigayin ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce, "An cuce ka."

Kafinta ya dafa sandarsa zai tashi. Sai marigayin ya riƙo gefen rigarsa, ya ɗaga ɗaya hannun ya buga ƙirjinsa sau biyu.

"Ni. Ni na ce ka tafi. Ba don tsibiri ba. Don kada a yi da ni a tasha."

Kafinta ya koma ya zauna. Ya ɗan jima yana kallon lasifikar da ke saman kabad, sannan ya ce, "To, Yaya. Ashe gidan ba nisa, katanga ɗaya ce." Ya gyara masa matashi, ya girgiza gadon ya ce ƙafar gadon ɗaya tana rawa, wane kafintan banza ya yi wannan, gobe zai zo da guduma. Marigayin ya yi abin da ya rage masa na dariya. Can ya sake jawo shi ya ce amma ɗankwalin ba shi ba ne, wallahi. Kafinta ya ce ya sani.

Matar Kafinta tana bakin ƙofa da filas a hannu, ta ji wannan ma.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, sha uku ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, yana da shekara tamanin da ɗaya, ƙanensa yana zaune a gefensa bayan ya gama gyaran ƙafar gadon. An sauko da lasifikar domin a sanar da gari, aka tarar ɓeraye sun cinye wayoyinta, sai aka sanar ta wayar hannu. An binne shi da yammacin ranar a maƙabartar bayan tasha, kusa da mahaifansa, ba nisa da inda aka kafa dutsen sunayen samari ashirin da biyu. Jama'a sun taru ƙwarai, har da tsofaffin sojan da ya nema wa ƙafafu.

A nan ana neman afuwar Malama, domin za a karya sharaɗi na farko.

Ni na ɗaura ɗankwalin. Ina da shekara goma sha bakwai, ƙawayena suna yi mini dariya a bakin famfo cewa saurayina gado yake yi don ya samu wurin ɓuya, na ji zafi, na kuma so in gan shi da kaki. Na je da sassafe na ɗaura na gudu. Shekara hamsin da ɗaya ina jin ana cewa Yaya ne, ban ce shi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Duk abin da aka faɗa a bayan katangar unguwar nan na kwashe na raba wa mutane, ban da wannan.

Na faɗa wa Kafinta ranar Talatar da ta biyo bayan rasuwar, da la'asar, yana tsakar gida yana goge katako. Bai ɗago ba. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗaga ƙasan, ya ciro shi a ninke, koren ya koɗe amma furannin suna nan.

"Ni fa na saya miki shi, Hajiya, watan da na fara zuwa gidanku. Duk ɗankwalayenki ki rasa wanda za ki ɗauka sai wannan?"

Na ce to me ya hana shi faɗa duk shekarun nan. Ya ce jira yake ya ga wa zai riga, ni ko Yaya, kuma Yaya ya riga ni da kwana shida. Na ce me ya sa ni bai ja mini katanga ba. Ya ce ni ban hau lasifika na ɗora wa wani ba, shiru na yi, kuma ban da haka wa zai dafa masa abinci. Na ce masa shirun nawa ma ɗorawa ne, tunda a kan Yaya ya sauka. Ya ce to in rubuta haka, tunda an ba ni biro. Ga shi na rubuta.

Waɗanda ya bari

Marigayin ya bar matarsa, da 'ya'ya shida: Malama, sai mai bi mata da ke tuƙin babbar mota irin na kakansa, sai ma'aikaciyar jinya, sai tagwaye maza, ɗaya tela ɗaya mai gyaran waya, sai autarsu da ke aure a wani gari. Ya bar jikoki ashirin da uku, waɗanda huɗu daga cikinsu suka gaji muryar, Allah ya ba maƙwabta haƙuri. Ya bar ƙane ɗaya, wanda a makon nan yake fasa katanga yana auna ƙofa, da matar ƙanen.

Allah ya gafarta masa abin da ya faɗa da ƙarfi, ya karɓi wanda ya faɗa a hankali. Mu kuma da muka yi tafi a wancan lokaci, waɗanda suka rage a cikinmu, Allah ya nuna wa kowa gidan su An tun da sauran murya.

Ni, matar Kafinta, na rubuta.